Ma'aunin Kaji a Ɗakin Inna

Sana'ata gashin kaji ce. A Yelwa nake, bayan layin da ɗalibai suke kama haya, kuma duk wanda ya ci kazar walima a unguwar nan a shekarun da nake magana, da wuya in ba daga hannuna ta fito ba. Ina da abin gashi mai aiki da gas, ina da wuƙaƙe masu kaifi, ina kuma da baki, domin mai sayar wa ɗalibai abinci in ba ta da baki sai su cinye ta har da tukunya.

Cikin kayan aikina duka, wanda na fi ji da shi wani ɗan ma'aunin zafin nama ne da ƙanwar mijina ta kawo mini tsaraba daga Legas. Tsinken ƙarfe ne mai tsini, bai fi tsawon biro ba, a kansa akwai ɗan gilashi irin na agogon roba. Sai ki soka shi a cinyar kaza, inda ya fi kauri, ki kiyaye kada ya taɓa ƙashi, lamba ta fito ta gaya miki ko cikin ya nuna ko da sauran jini. In ta wuce saba'in da huɗu, a sauke. Kafin zuwansa sai na tsaga kaza na leƙa cikinta, in ɓata wa masu biki kaza. Bayan zuwansa ban ƙara tsaga ko ɗaya ba.

Sai dai abu ne mai shagwaɓa, ya fi jariri son a lallaɓa shi. Tsinken kawai ake wankewa, kan ba ya son ruwa ko kaɗan. Ba a barinsa cikin wuta. Yana da wani maɓalli a baya wanda in yatsa ya danna shi bisa kuskure sai ya koma wani lissafi na daban, ya nuna miki ɗari da wani abu a kan kazar da ko ɗumi ba ta gama yi ba. Sau ɗaya ya yi mini haka, na kusa ciyar da malaman jami'a ɗanyen nama. Yana kuma kashe kansa da kansa in an bar shi a kunne, wai don tattalin batir.

Hanyar gane ko yana faɗin gaskiya biyu ce, ƙanwar mijin nawa ce ta koya mini. A daka ƙanƙara a cika kofi, a zuba ruwa kaɗan, a tsoma tsinken, dole ya nuna sifili. Sannan a tsoma shi a tafasasshen ruwa, ya nuna kusa da ɗari. A Bauchi ba ya cika ɗarin, yana tsayawa ƙasa kaɗan, saboda garinmu a kan tudu yake. Da farko na ɗauka ya lalace, na yi ta zaginsa a banza.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana gidanmu na gado a Ƙofar Wambai tare da babban wanmu da iyalinsa. Ran da na nuna mata ma'aunin dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce ita ta aurar da 'ya'ya, ta yi sunan jikoki, ba ta taɓa yi wa kaza allura kafin ta san ta dahu ba. Na ce zamani ne, ta ce lalaci ne. A nan muka bar zancen.

A wata bazara mai tsananin zafi ma'aunin ya fara hauka. Garin sauri ne ya faɗa mini cikin bahon wanke-wanke, ban gani ba sai da na kwashe kwanuka. Gilashin ya yi raɓa daga ciki. Na cire batir, na binne shi cikin ɗanyar shinkafa, na ajiye a inuwa ya kwana biyu. Raɓar ta tafi, amma hankalinsa bai dawo ba. Sai lambar ta riƙa tsalle, ta hau ta sauka ba tare da ya taɓa komai ba. Wani lokaci kuma ta tsaya cak a talatin da bakwai, ko a ƙanƙara na sa shi ko a wuta. Na tuna wata safiya na buɗe durowa na tarar da shi a kunne shi kaɗai, yana nuna talatin da bakwan nan, kamar wani ya gama riƙe shi a hannu ya ajiye. Ban ji daɗin ganin haka ba, na rufe durowar da ƙarfi.

Na kai shi wurin wani mai gyaran agogo a bakin kasuwa. Ya buɗe shi, ya nuna mini wani kore-kore da ya ci gindin batir, ya ce zai goge da auduga da sipirit ya sa sabon batir, in dawo. Ranar da na koma karɓa, ina tsaye a gaban teburinsa, ya miƙo mini ke nan na jefa a jaka, wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Ya ce in zo gida yanzu, Inna ta cika.

Ban san yadda na hau keke napep ba. Na dai san na isa na tarar da tabarmi a ƙofar gida, maza sun fara taruwa, an aika a haƙa kabari. Matar Yaya ce ta shiga kai wa Inna koko da hantsi ta same ta kwance a kan sallaya, carbi a hannu. Ba wanda ya san lokacin da abin ya faru. Yaya ya ce an tsayar da jana'iza kafin azahar, saboda zafin gari, kuma ita kanta Inna ba ta son a jinkirta gawa. A tsakar gida an ɗora tukunyar ruwan wanka. Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita ke yi wa matan danginmu wankan ƙarshe tun ina yarinya, tana zaune tana dakan ganyen magarya.

Na shiga ɗakin. An mayar da ita kan gado, an rufe ta da zane, an ɗaure mata haɓa. Na yaye zanen, na kama hannunta don in yi mata addu'a. Sai na ji ɗumi.

Hannuna ya san nama. Ba alfahari nake ba, aikina ne. Na san yadda abin da aka yanka yake sakin zafinsa, na san sanyin da yake biyo baya, wani sanyi ne mai nauyi da ba ya kama da na ruwa ko na ƙarfe. Babu shi a hannun Inna. Na taɓa wuyanta, na taɓa cikinta. Kamar dai wadda ta yi barcin rana.

Da wata ce da na ce zafin gari ne na yi shiru. Amma Inna ta taɓa yi mana haka. Shekarun baya ciwon suga ya kayar da ita, ta yi doguwar suma, har mata suka fara salati da kuka, wani ya fita gaya wa liman. Can sai ta buɗe ido ta nemi ruwa. Bayan ta warware ta riƙa tsokanarmu da zancen, tana cewa mu 'ya'yan gaggawa ne, saura ƙiris mu kai ta da ranta. Kowa dariya yake yi in ta faɗa. Ni ban taɓa yin dariyar ba, domin abin ya zauna mini a rai, kuma a ɗakin nan ya taso mini gaba ɗaya. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ga ana zuba mata ƙasa, na ga ta farka a cikin duhu tana kiran sunana.

Na kira Gwaggo na ce ta taɓa ta ji. Ta taɓa, ta ce bazara ce, ko dutse a irin wannan rana yana da ɗumi. Ta ɗaga hannun Inna ta nuna mini yadda ya fara ƙagewa. Na ce gaɓoɓin Inna sun daɗe a ƙage, ko tana da rai ba ta iya miƙe yatsun nan. Ta sa madubi a hancinta, bai yi raɓa ba. Na ce wancan karon ma an sa madubi. Gwaggo ta dube ni ta ce in yi haƙuri in yi tawakkali, kowa da irin yadda mutuwar uwa take zuwar masa.

A nan na tuna da abin da ke cikin jakata. Na san yadda abin zai zama a idon mutane, amma na ciro shi. Na wanke tsinken da sabulu, na goge da gefen mayafina, na kwantar da shi a hammatar Inna, tsinin na kallon waje don kada ya sosa ta, na matse hannun a kai. Gwaggo ta dafe ƙirji.

"'Yar nan, abin da kike soka wa kaji? A jikin uwarki?"

Idona na kan gilashin. Lambar ta hau a hankali, ta tsaya a talatin da shida da 'yan ɗigo. Na cire, na riƙe shi a iskar ɗakin, ya sauka zuwa talatin da uku. Wato Inna ta fi ɗakin zafi, kuma abin da ya raba ta da mai rai bai taka kara ya karya ba.

To amma wa zai yarda da shi? Ni kaina ban yarda ba. Wannan ne fa ma'aunin da ya yi kwanaki yana nuna mini talatin da bakwai a cikin ƙanƙara, kuma tun da aka gyara shi ban gwada shi a komai ba. Ko dai yana kan haukarsa, ko kuwa uwata tana da sauran rai, ga shi ana can ana haƙa mata rami.

Na fita kamar an jefo ni. Akwai maƙwabciyarmu mai sayar da zoɓo, ita ce kaɗai nake da tabbacin tana da ƙanƙara a kula, tunda wuta ta kwana biyu ba a kawo ba. Na karɓo ƙulli guda, na jefa a turmin da Gwaggo ta gama dakan magarya, na hau bugu da taɓarya. Ƙarar daka a gidan mutuwa ba abu ne da kunne ya saba da shi ba. Masu kuka suka yi tsit. Na ji wata tsohuwa tana cewa a riƙe ni, kaina ya taɓu. Na kwashe dakakkiyar ƙanƙarar a kofin silba, na zuba ruwa, na tsoma tsinken, na tsuguna a kansa. Ya yi ta sauka, ya yi ta sauka, ya zo sifili ya tsaya. Na tashi na nufi murhu, na buɗe tukunyar ruwan wankan Inna da ke ta tafasa, na tsoma. Ya hau ya tsaya ƙasa da ɗari kaɗan, daidai inda ya saba tsayawa a garin nan.

Ban taɓa baƙin cikin ganin abu ya gyaru ba sai ranar. Mai agogo ya yi aikinsa. Ma'aunin lafiyarsa ƙalau.

Na koma na tsaya a ƙofar ɗakin na ce ba wanda zai yi mata wanka. Aka kira Yaya daga zaure. Ya shigo idonsa jawur, ya ce mini liman yana zaune, mutane sun baro kasuwa, an gama haƙa, kuma a wannan zafin duk jinkirin da aka yi Inna za a wulaƙanta. Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce, shi ya sa na ƙara hasala. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa babban wa. Ya ce yanzu saboda tsinken gashi zan kunyata gidanmu a gaban unguwa.

Na ce, "Yaya, in ka tabbata, ka rantse mini ba za ta farka a can ba. Ka rantse, in matsa."

Ya leƙa ɗakin ta saman kafaɗata, ya daɗe yana kallon gadon. Shi ma yana nan wancan karon, shi ne ma ya je gaya wa liman. Sai ya ce a kira Sista.

Sista wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar kudu da ta yi ritaya ta buɗe kemis a bakin titi, ita ke auna wa Inna suga. Ta zo da abin sauraron ƙirji da 'yar tocila. Ta daɗe tana saurare, ta buɗe idon Inna ta haska, ta danna farcenta. Ta miƙe tana share hawaye, domin sun shaƙu. Ta ce ba numfashi, ba bugun zuciya, Mama ta tafi. Na nuna mata lambar. Ta ce jiki ba ya saurin hucewa a irin wannan yanayi, balle mai ƙiba da aka lulluɓe. Na tambaye ta ko ba a taɓa samun wanda aka saurara ba a ji komai ba, daga baya ya tashi. Ba ta yi mini ƙarya ba, ta ce ta taɓa jin labari, amma ita ba ta gani da idonta ba.

Ta ce da irin Hausarta, "Mai rai yana riƙe zafinsa. Wanda ya tafi, zafi yana sauka har ya zama ɗaya da ɗaki. Idan zuciyarki bai kwanta ba, ki zauna ki gani."

Yaya ya fita ya gaya wa mutane an ɗage sai bayan la'asar. Ban san dalilin da ya ba su ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Na rufe ƙofa, na zauna a bakin gadon, ni da Inna da ma'aunin.

Shekaruna a sana'a ina tsaye ne a kan wannan gilashin ina jiran lamba ta hau. Ranar ban san abin da nake jira ba. In ta tsaya, Inna na da rai a wani wuri da ba mai iya kaiwa gare ta. In ta sauka, na rasa uwa. Ɗakin ya yi shiru, sai ƙamshin man zafin da take shafawa a gwiwa, da kokon da aka kawo mata yana nan a ƙasa ya yi fata a sama. Daga waje ina jin muryoyin masu gaisuwa ƙasa-ƙasa. Jim kaɗan sai ma'aunin ya kashe kansa, gilashin ya yi fari fat, in sake danna shi. Kowace kunnawa sai in ga ɗigo ɗaya ya ragu, ko bai ragu ba. Lambar ta sauka ƙasa da talatin da shida. Na ce to, ga hanya ta miƙe.

Sai aka kira sallar azahar a masallacin bayan gidanmu, wanda lasifikarsa ke daidai tagar Inna. Ladan na cewa Allahu akbar, lambar ta ƙaru da ɗigo ɗaya. Na san in yatsa ya taɓa ƙarfen yana ƙara masa zafi, don haka na janye hannuna gaba ɗaya na ɗora a cinyata. Ba abin da ke taɓa shi sai jikinta. Ta ƙara wani ɗigon. Ta ƙara wani. Na sunkuya daidai kunnenta na ce, "Inna." Sau ɗaya na faɗa, ban iya maimaitawa ba, domin na tarar ina tsoron ta amsa kamar yadda nake tsoron ta yi shiru.

Ba ta motsa ba. Fuskarta na nan yadda take, haɓa a ɗaure. Lambar ta tsaya a saman nan gwargwadon yadda tsohuwa za ta yi sallarta a zaune cikin natsuwa, har da lazimi. Sannan ta fara sauka, ba ta ƙara hawa ba.

Na ba mutane kaɗan wannan labarin, kowa da bayaninsa. Mijina ya ce rana ce ta take a kan kwanon rufi. Sista ta ce irin waɗannan na'urori suna ɗan rawa. Mai yiwuwa haka ne, ni ma na san suna yi. Abin da na gani dai shi na faɗa.

Daga nan na kama kaina ina roƙon abin da ban taɓa zaton bakina zai roƙa ba. Ina cewa Allah in ka karɓe ta ka nuna mini, ka saukar da lambar nan, kada ka bar ni in miƙa ta ina shakka. Ina kuka ina roƙon uwata ta huce. Ɗakin kuwa sai ƙara zafi yake yi, gumi na bin bayana. Har yau ban san ko Inna ce ta sauko ba, ko ɗakin ne ya hau ya tarye ta.

Gab da la'asar na cire ma'aunin na jingina tsinken a bango, na jira ya tsaya. Na ɗora shi a kan katakon gado, na jira. Na mayar da shi hammatarta. Bango da gado da Inna, duk lamba ɗaya. Na sa shi a tawa hammatar, ya haura ya bar su a baya. Ni kaɗai ce mai rai a ɗakin nan. Na tabbata, kuma tabbacin ya fi shakkar ciwo.

Na gyara mata zane, na kashe ma'aunin, na buɗe ƙofa. Gwaggo na zaune a dokin ƙofa da ƙwaryar magarya a cinya, da alama tun ɗazu ba ta tashi ba. Wutar murhu ta mutu, tukunyar ta daɗe da daina tururi. Ta ɗago ta dube ni.

Na ce, "Gwaggo, ku shiga. Amma a sake ɗumama ruwan tukuna, kada a yi mata da mai sanyi."